Zazzaɓin Rana A Maigatari

Ya ku 'yan makaranta, na tabbata da yawa daga cikinku ba su taɓa ganin husufin rana da idonsu ba, sai dai zanensa a littafi, inda a kan jera rana da wata da duniya bisa layi guda, kowanne da sunansa a ƙarƙashinsa. Zanen nan gaskiya ne, ba ni da ja a kansa. Amma akwai abin da ba ya fitarwa sosai, shi ne kuwa ya kusa raba wasu dattawa biyu waɗanda suka shekara ashirin suna sa hannu a akushi ɗaya. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku labarin husufin da na gani a Maigatari, da gardamar da ta biyo bayansa.

Larabawa suna da kalma biyu ga wannan al'amari, kusufi ga rana, husufi ga wata, mu kuwa muka gama su duka muna kira yadda ya zo mana a baki. Tsofaffinmu ba ruwansu da ko ɗaya. Su dai cewa su ke rana ta yi zazzaɓi, ko kuwa wata ya kama rana. In kun duba da kyau za ku ga wannan maganar ta ƙarshe ba ta yi nisa da abin da ke cikin littafinku ba.

Ga wanda bai san Maigatari ba, gari ne a ƙasar Gumel, cikin Jihar Jigawa, arewa da Gumel ɗin tafiya kaɗan, a bakin iyakar Nijar. Kasuwarsa ran Alhamis ta ke ci, kuma a kasuwannin dabbobi na ƙasar nan tana cikin na gaba. Tun ran Laraba shanu da raƙuma da tumaki su kan fara sauka daga wajen Dungas da Magarya da Damagaram, manyan motoci kuma su taso daga kudu su jera suna jiran lodi. Mutanen Gagarawa da na Sule Tankarkar da na ƙauyukan Gumel duk nan su ke cin kasuwa. A zamanin Gwamna Saminu Turaki aka keɓe wani fili a gefen gari, aka yi masa shinge da ɗakunan ajiya, aka ce wurin ciniki ne wanda haraji ba ya hawa kan kayan da ke cikinsa. Mu yara a lokacin ba mu san ma'anar wannan ba, mun dai san wurin da inuwar bango mai kyau. Kawuna, wanda ya riƙe ni, dillalin shanu ne a kara, kuma mai masaukin fatake.

An yi husufin nan ran Laraba, 29 ga watan Maris, 2006 ba ta cika wata uku ba, daidai da ƙarshen watan Safar na shekarar 1427. Shekarar ta zo wa mutane da abubuwa a jere. Cikin Fabrairu murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar Kaduna, ta bazu, ana ta kashe kaji ana binnewa. A makon da ya gabaci husufin aka yi ƙidayar jama'a, har a ranar ma akwai waɗanda shunin masu ƙidaya bai gama fita daga farcensu ba. Ga kuma maganar tazarce ta cika gari, ko Shugaba Obasanjo zai zarce ko ba zai zarce ba. To, ana cikin wannan sai rediyo ya shiga shela, wai ran kaza, da ƙarfe kaza, rana za ta yi duhu. Kai, zo ka ji fassara! Wani ya ce an ƙirga bayin Allah kamar awaki, dole a ga aya. Wani ya ce babban mutum zai faɗi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita dai ba ta yarda da husufin da a ke sa wa rana kamar ɗaurin aure ba.

Hukuma tana da dalilin yawaita shela. Cikin Janairu na 2001 an yi husufin wata, wasu samari a Maiduguri suka ce zunubin mutane ne ya jawo shi, suka bi gidajen giya da masaukai suna cinna wuta. Ba wanda ya so a maimaita. Tsoron husufi kuwa tsoho ne a ƙasashen nan. Wasu Turawan Ingila 'yan'uwan juna, Richard Lander da John Lander, suna Busa a 1830 aka yi na wata, suka ga gari ya ruɗe da ganguna da ƙahoni da kururuwa, ana so a raba rana da wata. Kakata ta ce haka su ma su ke yi suna yara, su kifa ƙwarya a ruwa suna kiɗa suna zaga gari, har a saki wanda aka kama. Na tambaye ta, “Iya, to, ana sakinsa?” Ta ce, “Ɗan nan, ka taɓa jin wanda ba a saka ba?” Har yau ban sami amsar da zan ba ta ba.

Mutum biyu suka kwantar mana da hankali, kowa ta hanyarsa. Na fari limamin unguwarmu. Ran Juma'a da dare, bayan lisha, ya ba jama'a labarin ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, shekara ta goma bayan hijira. A ranar aka yi husufin rana, mutane suka ce don rasuwar yaron ne. Manzon Allah bai bar maganar ta kwana ba, ko da ya ke yana cikin baƙin cikin ɗansa. Ya sanar da su rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko haihuwarsa ba ta sa su husufi, abin da ke kan mutum in ya gani shi ne salla da addu'a da sadaka. Masana taurari sun lissafa baya, sun sami husufin nan ya faɗo ran 27 ga Janairu, shekara ta 632 ta Masihiyya. Na biyu malaminmu na aji shida, wanda ya gaya mana wata ne zai gitta tsakaninmu da rana, ba wani abu ba, ya kuma ja mana kunne ƙwarai kada wanda ya ɗaga kai ya dube ta.

Ran Laraba gari ya waye tas, irin safiyar bazara wadda tun hantsi ƙasa ke fara ƙuna. Iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu fita. Kakata ma ta so ta kulle ni a ɗaki, kawu ya ce, “Iya, bar shi ya bi ni, ai gara yana gabana.” Muka tafi kara. Shanun farko sun riga sun iso, farare da jajaye masu dogayen ƙahoni, Buzaye kuma sun durƙusar da raƙumansu can gefe suna dafa shayi.

Bayan ƙarfe tara da 'yan mintoci masu agogo suka ce an fara. Ni ban ga kome ba. Rana tana nan yadda ta ke, ƙuda na damun shanu, masu fura na kiran ciniki. Har wani mahauci ya ce ai ga irinta nan, 'yan boko sun sake yin ta. Aka yi dariya. Sai da aka yi wajen rabin sa'a sa'an nan na lura da abu ɗaya, watau zafin da ke dukan ƙeyata ya ragu, alhali ba girgije ko ƙyalle a sama. Daga nan haske ya soma canja kama. Ba irin na magariba ba ne, don na magariba ja ne, yana zuwa daga gefe guda. Wannan daga bisa ya ke zuwa, fari-fari, kamar an tankaɗe toka a kan duniya. Jar ƙasar kara ta koma kalar tsohon kwano. Fuskokin mutane suka yi kamar na waɗanda suka tashi daga jinya. Inuwata kuwa, maimakon ta dushe, sai ta ƙara kaifi, har ina iya ƙirga zaren da ya tsinke a bakin hannun rigata cikin inuwar.

Mahaucin nan ya daina dariya.

Liman bai sa an yi kiran salla ba, domin sallar kusufi ba ta da kira, ba ta da iƙama. Mutane dai suka yi ta sulalewa zuwa masallaci, ya cika, sahu ya fito waje har ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Ku da kuka karanta Risala kun san siffarta: raka'a biyu ce, amma kowace raka'a tsayuwa biyu da ruku'u biyu, karatu kuma a ɓoye, mai tsawo. Wanda bai saba ba, sai ya ɗago daga ruku'u ya nufi ƙasa, ya ga liman ya sake tsayawa. An sami irinsu da dama a ranar. Ni ina can sahun baya tare da yara, kuma a nan na ga abin da ya fi kome zauna mini a rai. Kun san ɗigon hasken nan da ke ratsowa ta tsakanin ganye ya zuba a ƙasa, kullum kewayayye kamar kwabo? To, a ranar duk sun zama lauje. Ɗaruruwan jinjirin wata ne zube a ƙasa, da kan tabarmi, da bayan fararen rigunan masu salla, iska na kaɗa ganye suna rawa. Dattijon da ke gabana yana ɗauke da wajen ashirin a gadon bayansa, bai sani ba. Daga baya malaminmu ya gaya mana kowace 'yar kafa tsakanin ganye tana zana surar rana ne a ƙasa, kullum haka ta ke yi, sai dai ba mu lura don rana kewayayya ce.

Da ƙarfe goma da rabi ta ɗan gota abin ya kai matuƙarsa. Wata iska mai sanyi ta taso, irin ta asubahin kaka. Balbelu suka tashi daga cikin shanu suka yi jere suka nufi inda su ke kwana. Kajin gidajen da ke kusa suka taru a bakin akurki, zakaru suna cara ba kan gado. Shanu suka haɗa kai wuri guda suna kuka ƙasa-ƙasa. Kasuwa duk girmanta ta yi tsit, ba ka jin kome sai kukan jarirai daga cikin gari da muryar mata suna salati. Amma fa, ku riƙe wannan, dare bai yi ba. Ina ganin mutumin da ke can ƙarshen kara, ina iya rarrabe saniya da sa. Aka ɗan jima a haka, sa'an nan haske ya fara komowa, kafin sha biyu ta gota rana ta koma tana dukan mutane kamar ba ita ba.

Ba duka aka tashi lafiya ba. Wani yaro ɗan ajinmu, mai kaifin kai ƙwarai, ya sami gilashin fitila ya shafa masa baƙin hayaƙi, ya tsaya bayan shingen filin cinikin nan yana kallon rana, yana gaya wa yara yadda ta koma kamar yankan farce. Bai ji zafin kome ba, shi ya sa ya daɗe. Can cikin ido, inda surar abu ke sauka, ba ya jin ciwo, ƙwayar ido kuwa tana tara haske wuri guda kamar gilashin nan da ku ke ƙona takarda da shi. Washegari ya ce duk abin da ya duba sai ya ga wani tabo a tsakiyarsa. In ya dubi allo, harafin da ya ke nema shi ne ba ya gani. An kai shi asibiti, tabon ya rage, amma bai tafi duka ba, kuma karatu bai sake yi masa daɗi kamar da ba. Gilashi mai hayaƙi, da tabarau baƙi na kwalliya, da kallon rana cikin ruwan kwano, duk ba su tsare ido. Wanda ya ke so ya gani, ya huda takarda da allura, ya juya wa rana baya, ya bar hasken ya faɗa kan wata takardar. Ko matankaɗin gidanku ya isa.

Yanzu ga gardamar. Ran Alhamis da sassafe babban baƙon kawu ya sauka, wani Alhaji bafatake daga Damagaram, wanda tun ban san kaina ba a gidanmu ya ke sauka, kawu ke sayar masa da shanu, ya karɓi la'ada, wani lokaci kuɗin Alhaji su kwana wata biyu a hannunsa ba takarda ba shaida. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo koko da ƙosai, fatake da dillalai suka kewaye. Bayan an gaisa, Alhaji ya ce, “Malam, jiya kun ga ikon Allah? Dare da rana tsaka!”

Kawu ya ce, “Mun gani, Alhaji. Sai dai dare kam bai yi ba. An dai yi duhu-duhu.”

Alhaji ya ajiye ludayi. Ya ce, “Duhu-duhu? Wallahi rana ta mutu ɗungum. Ta zama baƙin faifai, da wani farin gashi kewaye da ita kamar an baza auduga. Na ga Gamzaki da idona, ƙarfe goma da rabi na safe. Gefen sama kuwa ko'ina ja, gabas da yamma, kudu da arewa, kamar magariba huɗu sun haɗu.”

Wani dillali ya ce, “Alhaji, ko dai a ɗaki ka ke?” Zaure ya fashe da dariya. Kawu bai yi dariya ba, amma abin da ya faɗa ya fi dariyar ciwo. Cewa ya yi, “Alhaji, rana dai guda ɗaya ce. Wadda ta fito muku ita ta fito mana. Mu nan mun fi mutum dubu a tsaye, ba wanda ya ga tauraro.”

Ku lura, ba wanda ya kira Alhaji maƙaryaci da baki, amma kowa ya san abin da aka ce. Shi kuwa mutum ne wanda duk dukiyarsa maganarsa ce. Bafataken da aka san shi da ƙarin gishiri, ran da ya ce sa ya mutu a hanya wa zai yarda? Ya yi shiru, ya jawo takalmansa, ya ce wa yaronsa ya kwashe kaya, yau a wani gida zai sauka. Na ga hannun kawu yana rawa a kan carbi. Shi ma a ganinsa gaskiya ya faɗa, kuma gani ya kori ji. Ga mutum biyu, kowa ya ga abu da idonsa, kowa yana da shaidu, kowa ya rantse, kuma ba mai ƙarya a cikinsu.

Allah ya sa a zauren akwai wani mai sayen tumaki daga Daura, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba. Shi ya ce, “Ku yi haƙuri, dattawa. Ni jiya a gida na ke, kuma abin da Alhaji ya faɗa, haka na gani, har jemagu sun fito.” Wani mutumin Gagarawa kuma ya ce su a wajensu ko duhun da a ke faɗa a Maigatari bai kai ba. Magana ta rikice, shaidu sun rabu uku. Sai kawu ya juyo ya dube ni, ya ce, “Kai, ɗan boko, je ka kira mana malaminku.”

Malam ya zo, ya durƙusa ya gai da dattawa, aka mayar masa da yadda aka yi. Bai ce wa kowa ya yi daidai ko ya yi kuskure ba. Ya roƙi a ba shi tocila da lemo guda da babbar ƙwarya, ya sa aka saki labulen zaure. Ya kifa ƙwaryar, ya ce ita ce duniya. Ya ba ni tocila na tsaya daga bakin ƙofa, ya ce ni ne rana. Ya soke lemon da tsinke ya riƙe shi a tsakani. Sai ga inuwar lemo ta faɗa bisa ƙwarya, baƙa ƙirin a tsakiya, 'yar ƙarama, kewaye da ita kuma wata inuwa mai sauƙi, mai faɗi, tana dushewa a hankali har ta ɓace. Ya ɗora ƙwayar gero a cikin baƙar, ya ce, “Ga Alhaji a Damagaram.” Ya ɗora wata a gefe, cikin mai sauƙin, kusa da baki ƙwarai, ya ce, “Baba, ga ku nan a kara.” Sa'an nan ya matsa da lemon sannu, inuwar ta ja jiki ta ratsa ƙwarya ta wuce, ba ta taɓa ƙwaya ta biyu ba.

Abin da ya nuna da lemo, ga shi da lissafi. Rana ta fi wata faɗi wajen sau 400, amma kuma ta fi shi nisa da mu wajen sau 400, shi ya sa a idonmu su ke kai ɗaya, har ƙaramin ya iya rufe babbar. Wata yana nesa da mu kamar kilomita 384,000, rana kuwa kamar kilomita miliyan 150. Uwar inuwar wata tana tsukewa ne kamar tsinin mashi, kafin ta iso ƙasa ta zama 'yar kaɗan. A ranar faɗinta bai kai kilomita 200 ba. Ta fara sauka a gabashin Barazil da fitowar rana, ta ƙetare teku, ta hau tudu a Gana, ta bi ta Togo da Binin, ta shigo Nijeriya ta wajen Shaki, ta bi ta kan Gusau da Katsina da Daura da Maraɗi da Damagaram, tana gudun da ya fi kilomita 2,500 a sa'a guda. A Katsina duhun ya kusa minti 4. Daga nan ta shiga Hamada, inda ta fi daɗewa, minti 4 da daƙiƙa 7, a kan iyakar Cadi da Libiya, ta wuce ta gefen Masar, ta ratsa Turkiyya, ta je ta ƙare a Mongoliya da faɗuwar rana. Maigatari da Gumel da Kano duk suna kudu da hanyarta. Ta wuce mu da tazarar da mota za ta ci cikin sa'a guda ko biyu.

Kawu ya yi tambaya mai kyau. Ya ce, “To, Malam, in saura ƙiris ne a wajenmu, don me bambancin ya yi yawa haka? Ai da sai mu ga kusan abin da ya gani.” Amsar ita ce hasken rana ya fi na wata ɗan daren goma sha huɗu wajen sau 400,000. In an rufe ta duka aka bar kashi ɗaya cikin ɗari, ɗan abin nan da ya saura ya fi farin wata dubu huɗu. Muddin akwai ɗan yankan farcen nan, sama ba ta yin baƙi, farin gashin nan da ke kewaye da rana ba ya bayyana. Husufi ba kamar cikar buhu ba ne, da za a ce wanda ya sami tiya tara ya kusa mai tiya goma. Wanda ke cikin uwar inuwa da wanda ke bakinta abu biyu suka gani daban.

Kawu bai ce kome ba. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da goro fari ƙwarya guda, wanda na san ya ajiye don wani biki, ya ajiye gaban Alhaji, ya ce wa yaron ya mai da kaya ɗaki. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya fasa, ya miƙa wa kawu rabi, ya dubi malam ya ce, “Mushe, Allah ya yi maka albarka,” don haka su ke kiran malamin makaranta a wajensu. Ya ƙara da cewa shi fa lemon nan bai gamsar da shi duka ba, amma ya ga inda aka ajiye ƙwayarsa, kuma nan ya ke. A ranar kawu ya sayar masa da shanu goma sha ɗaya.

Da aka watse, wani tsohon Buzu mai raƙuma, wanda ya saurari kome daga bakin ƙofa, ya ce wannan ai wasa ne, shi ya ga wanda ya fi shi a duwatsun Azbin, shekarar babban fari. Gaskiyarsa. Ran 30 ga Yuni, 1973, an yi husufin da ya haura minti 7 a arewacin Nijar, yana cikin mafiya tsawo a ƙarnin da ya wuce. A ranar ne masana suka hau jirgin saman nan Concorde, suka bi inuwar a guje ta kan Hamada, suka zauna cikinta minti 74, suka sauka a Fort Lamy, wadda yanzu a ke kira Njamena. Tsohon bai san da jirgi ba. Abin da ya riƙe shi ne a shekarun nan raƙumansa suka ƙare, kuma har ran nan bai raba abin biyu a zuciyarsa ba. Ba wanda ya yi masa gardama, an gaji da gardama a ranar.

Na kan yi tunanin iyakar nan tamu in na tuna da wannan. Tsakanin 1906 da 1908 wani hafsan Faransa, Tilho, da na Ingila, O'Shee, suka bi daji suna kafa alamu daga Kwara har tafkin Cadi, suka bar Maigatari a hannun Ingilishi, suka bar Tumbi, inda sarakunan Gumel suka taɓa zama, a hannun Faransa. Tun daga nan sa ba ya ƙetarewa sai an san da shi. Shekara ɗari bayan haka inuwa ta zo ta ja tata iyakar a karkace, ta haɗa Katsina da Maraɗi da Damagaram a gida ɗaya, ta bar Gumel da Kano a waje, ba ta tsaya wurin 'yan kwastan ba.

Wani cikinku zai ce, tun da kowane ƙarshen wata sai wata ya bi ta tsakaninmu da rana, me ya hana a yi husufi sau goma sha biyu a shekara? Dalili, hanyar wata a karkace ta ke da kamar digiri 5, galibi sai ya bi ta sama da rana ko ta ƙasa da ita, inuwarsa ta wuce duniya ba ta taɓa ta ba. Sai an yi dace ya gitta daidai. Dacen nan kuwa yana da ƙa'ida, wadda mutanen Babila suka gano tun kafin haihuwar Annabi Isa: bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da sulusin yini, husufi ya kan komo da kamanninsa, sai dai sulusin nan ya kan sa duniya ta juya, ya faɗa wata nahiya can yamma. Ku ɗora wannan a kan 29 ga Maris, 2006, za ku faɗa kan 8 ga Afrilu, 2024. A ranar kuwa aka yi husufi cikakke a Meziko da Amurka da Kanada, ana ƙarshen azumi, saura kwana biyu salla. Ƙanen namu ne.

Masu lissafi sun riga sun ba da waɗanda ke tafe. Ran Litinin, 2 ga Agusta, 2027, uwar inuwa za ta bi ta arewacin Afirka, ta haura minti 6 a Luksor ta ƙasar Masar, ta ƙetare Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka. Ran Litinin kuma, 20 ga Maris, 2034, za ta sake shigowa Nijeriya, amma ta Ikko, ta ratsa ƙasar ta nufi Cadi. Na duba taswirar duka biyun, na nemi Maigatari. Ta farko za ta bi ta arewa da mu, ta biyu ta kudu.